Sautin babban allon kwamfuta

Sautin babban allon kwamfuta shi ne sashen fitar da sauti da ɗaukarsa da ake ƙerawa a jikin babban allon kwamfuta, wato madabod, ta yadda kwamfuta za ta iya fitar da murya ko kiɗa ba tare da an saka mata wani katin sauti na daban ba. Sashen ya ƙunshi wani ɗan ƙaramin cif da ake kira kodek, da kayan lantarkin da ke kewaye da shi, da ramukan da ake jona lasifika, makirufo da lasifikar kunne, wadda aka fi sani da hedifon. Tun farkon shekarun 2000 kusan kowace kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka tana zuwa da wannan sashe, kuma mafi yawan kodek ɗin da ake samu a allunan kwamfutar tebur na kamfanin Realtek ne da ke Taiwan.

An daɗe ana muhawara a kan ko wannan sashe ya isa ya ɗauki hedifon mai inganci, ko kuwa sai an sayi wata na'ura ta waje. A allunan zamani, aikin juya lambobi zuwa sauti ya kai matakin da da wuya kunne ya kama masa aibi. Inda aka fi samun gazawa shi ne a matakin ƙarshe, inda wuta ke fita zuwa hedifon: ƙarfin wutar da ramin ke iya bayarwa, turjiyar ramin kansa, da hayaniyar lantarki da ke kutsowa daga sauran sassan kwamfutar. Saboda haka amsar ta danganta ne da irin allon da irin hedifon ɗin da aka haɗa, kuma tsadar hedifon ita kaɗai ba ta nuna ko yana buƙatar ƙarin na'ura.

Tarihi

Kwamfutar IBM PC ta farko, wadda ta fito a shekarar 1981, ba ta da sashen sauti sai wata 'yar lasifika da ke yin ƙarar gargaɗi. Duk mai son kiɗa ko sautin wasanni sai ya sayi kati na musamman ya soka a allon. Kamfanin Ad Lib na Kanada ya fitar da katinsa a 1987, mai ɗauke da cif ɗin Yamaha YM3812. A 1989 kamfanin Creative Technology na Singafo, ƙarƙashin jagorancin Sim Wong Hoo, ya fitar da Sound Blaster, wanda ya mamaye kasuwa har masu rubuta wasannin kwamfuta suka riƙa ɗaukarsa a matsayin ma'auni. Sound Blaster 16 na 1992 ya kawo sauti mai bit 16, irin na faifan CD.

A shekarar 1997 kamfanin Intel ya fitar da tsarin AC'97, wanda ya raba aikin sauti gida biyu: ɓangaren dijital ya koma cikin manyan cif ɗin allo, ɓangaren da ke fitar da ainihin sautin kuma ya zama ɗan ƙaramin kodek mai araha. Wannan ya ba masu ƙera alluna damar saka sauti a kowane allo da ɗan kuɗi kaɗan. Sai dai alluna na wancan zamani sun yi ƙaurin suna wajen hayaniya da raunin sauti, kuma kodek da yawa na farko suna aiki ne a kan 48 kHz kaɗai, don haka dole a sauya sautin CD mai 44.1 kHz kafin a fitar da shi. Daga wannan zamani ne aka gaji ra'ayin cewa sautin allo ba shi da kyau.

A 2004 Intel ta maye gurbin AC'97 da High Definition Audio, wanda aka yi wa laƙabi da Azalia lokacin da ake haɗa shi. Tsarin yana ɗaukar sauti har zuwa 192 kHz da bit 32, yana iya ciyar da lasifika takwas, kuma yana gane lokacin da aka jona ko aka cire filogi. Bayan nan, Windows Vista da ta fito ga jama'a a Janairun 2007 ta daina barin katin sauti ya sarrafa sautin wasanni na DirectSound3D da kansa, aikin ya koma kan babban cif ɗin kwamfuta. Wannan ya rage fifikon da katunan sauti ke da shi, kasuwarsu kuma ta ci gaba da raguwa.

Yadda yake aiki

A cikin kwamfuta, sauti jerin lambobi ne. A faifan CD, misali, ana auna igiyar sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma ana ajiye shi da bit 16. Bisa ka'idar Nyquist da Shannon, irin wannan awo yana iya riƙe duk sautin da bai kai rabin adadin awon ba, wato har zuwa kusan haz 22,000, alhali kunnen matashi mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa wajen haz 20,000 ne. Kowane bit yana ba da tazarar kusan desibel 6 tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniyar ƙasa, don haka bit 16 yana ba da kusan desibel 96.

Idan aka kunna waƙa ko karatu, manhajar tana miƙa lambobin ga tsarin aikin kwamfuta, wanda ke haɗa su da sauran sautukan da ke tashi, sannan ya tura su ga kodek. A cikin kodek akwai sashen da ke juya lambobi zuwa igiyar lantarki, wanda ake taƙaita sunansa da DAC. Igiyar da ta fito tana ratsa 'yar amfilifaya, ko a cikin kodek ɗin ko a wani cif na kusa da shi, sannan ta bi ta wasu kafasita da rezista kafin ta isa ramin hedifon. Makirufo yana bin hanyar ne a juye, ta sashen da ake kira ADC, mai juya igiyar lantarki zuwa lambobi.

Launukan ramukan da ke bayan kwamfutar tebur sun samo asali ne daga ƙa'idar PC 99 ta Microsoft da Intel. Kore shi ne na fitar sauti, ruwan hoda na makirufo, shuɗi kuma na shigar sauti daga wata na'ura. Baƙi, ruwan lemo da ruwan toka na lasifikun kewaye ne.

Kodek ɗin da aka fi samu

An kafa Realtek a 1987 a birnin Hsinchu, kuma ana gane cif ɗinsa da tambarin ƙaguwa. Sunayen kodek ɗinsa suna farawa da haruffan ALC. Babban adadin da ake tallata su da shi shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da hayaniya, wadda ake aunawa da desibel:

- ALC892: desibel 95. An yi amfani da shi a alluna masu yawa na shekarun 2010.
- ALC887 da ALC897: desibel 97. Ana samunsu a alluna masu sauƙin kuɗi.
- ALC1150: desibel 115.
- ALC1220: desibel 120. Ya yaɗu tun 2017, yana da amfilifayar hedifon da ke kaiwa kusan bolt 2, kuma yana iya auna turjiyar hedifon ɗin da aka jona.
- ALC4080: desibel 120. Yana haɗuwa da allon ne ta layin USB na cikin gida maimakon layin High Definition Audio.

Masu ƙera alluna suna sa wa sashen sautinsu sunayen kasuwa, kamar SupremeFX na ASUS, Audio Boost na MSI, AMP-UP na Gigabyte da Purity Sound na ASRock, amma a mafi yawansu kodek ɗin Realtek ne a ciki. Wasu alluna masu tsada suna ƙara wani DAC na daban daga jerin Sabre na kamfanin ESS Technology. Kamfanoni irin su Analog Devices, VIA, Conexant da Cirrus Logic su ma sun ƙera kodek na alluna.

Adadin da ke takardar kodek na cif ɗin ne shi kaɗai, a yanayin gwaji mai tsabta. Abin da ke fitowa a ramin hedifon ya dogara da yadda aka zana hanyoyin wuta a allon, da tsabtar wutar da ke ciyar da cif ɗin, da kayan da aka sa a bayansa. Alluna biyu masu kodek iri ɗaya suna iya bambanta sosai, kuma yawancin masu ƙera alluna ba sa bayyana ƙarfin wutar ramin hedifon ko turjiyarsa.

Buƙatar wuta ta hedifon

Abubuwa biyu ne ke nuna irin wutar da hedifon ke buƙata. Na farko shi ne turjiya, wato yadda yake tare kwararar wuta, wadda ake aunawa da om. Na biyu shi ne kaifin amsawa, wato yawan ƙarar da yake bayarwa idan aka ba shi miliwat ɗaya ko bolt ɗaya. Ƙarfin da ke shiga hedifon shi ne bolt sau bolt a raba da om. Bolt 1 a hedifon mai om 32 yana ba da kusan miliwat 31, a mai om 250 yana ba da miliwat 4, a mai om 600 kuwa bai kai miliwat 2 ba. Hedifon mai babbar turjiya yana son bolt mai yawa, mai ƙaramar turjiya kuma yana jan wuta mai yawa.

Kiɗa ba ya tafiya a ƙara ɗaya. Bugun ganga ko tashin murya na ɗan lokaci yana iya zarce matsakaiciyar ƙarar da desibel 10 zuwa 20, musamman a faifan da ba a matse sautinsa ba. Shi ya sa masu lissafin amfilifaya sukan ɗauki desibel 110 a matsayin ƙololuwar da ya kamata na'ura ta iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido ba tare da sautin ya gurɓace ba. Idan aka bi alƙaluman da kamfanonin suka bayar, ga bolt ɗin da wasu sanannun hedifon ke buƙata don kaiwa wannan ƙololuwa:

- Sony MDR-7506, om 63, desibel 106 a miliwat ɗaya: kusan bolt 0.4.
- Audio-Technica ATH-M50x, om 38, desibel 99 a miliwat ɗaya: kusan bolt 0.7.
- AKG K702, om 62, desibel 105 a bolt ɗaya: kusan bolt 1.8.
- Sennheiser HD 650, om 300, desibel 103 a bolt ɗaya: kusan bolt 2.2.
- Beyerdynamic DT 990 Pro, om 250, desibel 96 a miliwat ɗaya: kusan bolt 2.5.
- Beyerdynamic DT 880 mai om 600, desibel 96 a miliwat ɗaya: kusan bolt 3.9.
- HiFiMan HE-6, om 50, desibel 83.5 a miliwat ɗaya: kusan bolt 4.7, wato wajen miliwat 450.

Ramin allo na gama-gari yana ba da wajen bolt 1, na alluna masu amfilifayar hedifon kuma wajen bolt 2. Don haka biyun farko a jerin ba sa wahalar da yawancin alluna, na tsakiya suna son allo mai amfilifaya, na ƙarshe kuma sun fi ƙarfin sautin allo. Jerin ya kuma nuna cewa adadin om shi kaɗai yana iya yaudara: HE-6 yana da om 50 kacal amma ya fi DT 880 mai om 600 wahalar ciyarwa.

Ƙarancin bolt ba ya hana hedifon yin sauti. DT 990 Pro a kan bolt 1 yana kaiwa kusan desibel 102, wanda ya wadatar da mai sauraro a hankali a ɗaki mai shiru. Matsalar tana bayyana ne idan faifan mai sanyin ƙara ne, ko an ƙara kaurin sauti da manhajar daidaita sauti, domin a nan sai a kai maƙurar ƙara ba a ƙoshi ba, ko amfilifayar ta fara yanke kan igiyar sautin har a ji tsatsa.

Turjiyar ramin fita

Ramin da ake jona hedifon shi ma yana da tasa turjiyar. A alluna da yawa ana sa rezista a layin fita domin kare kodek idan wayoyi suka haɗu, kuma takan kai om goma-goma, sau da yawa wajen om 75. Wannan ba ya cutar da lasifika mai tata amfilifayar, domin turjiyar shigarta dubban om ce. Ga hedifon kuwa, turjiyar ramin da tasa suna raba bolt ɗin ne a tsakaninsu. Idan ramin yana da om 75, hedifon mai om 32 yana samun kusan kashi 30 cikin 100 na bolt ɗin, wato asarar sama da desibel 10, yayin da mai om 300 ke samun kashi 80 cikin 100, asarar da ba ta kai desibel 2 ba.

Illa ta biyu ita ce sauya launin sautin. Turjiyar da ake rubutawa a kwalin hedifon ta wuri ɗaya ce, yawanci a haz 1,000. A hedifon masu naɗin waya da maganaɗisu, turjiyar tana hawa a wajen sauti mai kauri. Ta Sennheiser HD 650, misali, tana tashi daga om 300 zuwa wajen om 500 a kusa da haz 100. Idan aka ɗauki hedifon mai om 50 wanda turjiyarsa ke hawa zuwa om 200 a wannan yanki, aka jona shi a rami mai om 75, yankin zai fi sauran sautin ƙara da kusan desibel 5. Mai sauraro zai ji kaurin ya yi yawa ya kuma yi dishi-dishi. Ƙananan na'urorin da ake cusawa cikin kunne masu lasifika fiye da ɗaya su ma suna sauya launi sosai a irin wannan rami. Hedifon masu shimfiɗaɗɗen tantani da ake kira filana ba su cika sauya launi ba, saboda turjiyarsu kusan ɗaya ce a ko'ina, sai dai su yi asarar ƙara.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada turjiyar ramin ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai om 32 yana son ramin da bai wuce om 4 ba, mai om 300 kuma zai jure har wajen om 37. Wata tsohuwar ƙa'idar ƙasa da ƙasa, IEC 61938 ta 1996, ta ba da shawarar om 120 a ramin hedifon, amma yawancin amfilifayoyin hedifon na yanzu ana ƙera su ne da turjiyar da ba ta wuce om 1 ko 2 ba. Abin da wannan ke nufi shi ne, a allo mai babbar turjiyar fita, hedifon mai om 250 ko 300 yana iya riƙe ainihin launinsa fiye da mai om 32, ko da yake ƙararsa za ta yi ƙasa.

Wasu alluna kuma suna sa kafasita a layin fita domin tare wutar da ba ta sauti ba. Idan kafasitar ƙarama ce, tana rage sauti mafi kauri. Kafasita mai maikurofarad 100 a da'irar da jimillar turjiyarta om 32 ce tana fara rage sauti daga wajen haz 50 zuwa ƙasa, amma a da'ira mai om 300 ragin yana farawa ne daga wajen haz 5, inda kunne ba ya ji.

Hayaniyar lantarki

Cikin akwatin kwamfuta cike yake da wutar da ke kunnuwa tana kashewa da sauri: na'urar ba da wuta, sassan da ke daidaita wutar babban cif, katin hoto da layukan USB. Wani ɓangare na wannan yana iya shiga layin sauti, a ji shi a matsayin ziza ko siririyar ƙara da ke sauyawa idan an motsa linzamin kwamfuta, an buɗe shafi, ko wasa ya fara jan katin hoto. Hedifon masu kaifin amsawa, musamman na cikin kunne, su suka fi fallasa wannan hayaniya, masu babbar turjiya kuma sukan ɓoye ta. Domin rage ta, alluna da yawa tun shekarun 2010 suna ware sashen sauti a kusurwa guda da wani layi da ya raba shi da sauran allon, wasu kuma suna rufe kodek da murfin ƙarfe.

Akwai kuma ƙugin da ke tasowa idan kwamfuta da wata na'ura da aka haɗa ta da ita, kamar amfilifaya ko talabijin, ba su daidaita a wayar ƙasa ba. Ƙugin yana bin bugun wutar gari ne, wato haz 50 a Turai da ƙasashe irin su Najeriya, Nijar da Ghana, haz 60 kuma a Amurka. Ginin da ba a yi masa wayar ƙasa mai kyau ba, ko caja marar inganci a kwamfutar tafi-da-gidanka, suna ƙara wannan matsala. Idan hayaniya ta ɓace da zarar an cire caja an bar kwamfutar a kan batir, to daga hanyar wuta take.

Ɓangaren makirufo yakan fi ɓangaren hedifon rauni, domin igiyar makirufo ƙarama ce ƙwarai kuma sai an ninka ta sau da yawa, hayaniyar ma ta ninku tare da ita.

Ramin gaba da ramin baya

A kwamfutar tebur, ramin gaba yana haɗuwa da allon ne ta wata doguwar waya da ke ratsa cikin akwatin zuwa wani mahaɗi mai gurbin fil goma wanda aka cire ɗaya daga ciki. Idan wayar ba ta da rufin kariya, ko ta bi ta gefen katin hoto, ko tana raba wayar ƙasa da ramukan USB na gaba, tana kwasar hayaniya. Ramin baya yana manne da allon, don haka yakan fi tsabta. Sai dai a alluna da yawa amfilifayar hedifon tana ciyar da ramin gaba ne kaɗai, koren ramin baya kuma an tsara shi don lasifika, da babbar turjiya. Littafin allon ne ke nuna ramin da ke da amfilifayar. Tsoffin akwatuna suna zuwa da filogi biyu a wayar gaba, na AC'97 da na HD Audio, kuma idan aka jona na AC'97 allon ba zai gane an saka hedifon ba.

Gwaje-gwajen sauraro

Kwatanta na'urorin sauti da kunne yana da wuya saboda dalilai biyu. Mutum yakan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau, kuma sanin farashi ko sunan na'ura yana shafar abin da yake jin ya ji. Shi ya sa ake amfani da gwajin ɓoye irin na ABX, inda ake daidaita ƙarar na'urorin biyu sosai, sannan a nemi mai sauraro ya gane wadda ke aiki ba tare da ya gani ba.

A 2007 E. Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta Audio Engineering Society. Sun riƙa ratsa sautin manyan faya-fayan SACD da DVD-Audio ta matakin CD mai bit 16 da 44.1 kHz, kuma a gwaji 554 masu sauraro sun dace sau 276, wato daidai da canki-canka. An soki binciken a kan ingancin wasu faya-fayan da aka yi amfani da su. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18, ya gano cewa akwai ɗan ƙaramin bambanci da ake iya kamawa, wanda ke ƙaruwa idan an horar da masu sauraro. A 2014 mujallar Tom's Hardware ta kwatanta kodek ɗin Realtek ALC889 da wasu na'urori uku, ciki har da Benchmark DAC2 mai kusan dala 2,000, kuma masu sauraronta sun sha wahalar bambance su, ko da yake mutanen da suka yi gwajin kaɗan ne. Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna cewa bambancin da ke tsakanin DAC da DAC ƙarami ne idan aka kwatanta da wanda ƙarfin amfilifaya, turjiyar rami da hayaniya ke haifarwa.

Inda sautin allo ba ya shiga

Hedifon da ake jonawa ta USB yana ɗauke da nasa DAC da amfilifaya, haka ma na Bluetooth, don haka kodek ɗin allo ba ya taɓa sautinsu. Sautin da ke bi ta HDMI ko DisplayPort zuwa talabijin ko allon kallo shi ma yana fita ne a matsayin lambobi. Haka nan ramin haske na S/PDIF, wanda ake kira TOSLINK, yana fitar da lambobi ta zaren haske, kuma da yake babu wayar ƙarfe a tsakani, hayaniyar wutar kwamfuta ba ta bin sa. Sautin kewaye na hedifon, kamar Windows Sonic da Dolby Atmos for Headphones, manhaja ce ke lissafa shi, don haka yana aiki a kowane irin rami.

Madadi

Mafi araha shi ne ɗan mahaɗin USB mai ramin hedifon, irin wanda ya yaɗu bayan Apple ya cire ramin hedifon daga iPhone 7 a 2016. Mahaɗin USB-C na Apple, da ya fito a 2018 a kan dala 9, yana da turjiyar fita ƙasa da om 1 kuma yana ba da bolt 1, sai dai wanda ake sayarwa a Turai yana ba da rabin haka. Irin wannan mahaɗi yana magance turjiya da yawancin hayaniya, amma ba ya ƙara bolt. Ga hedifon masu buƙatar wuta sosai akwai amfilifayoyin tebur, wasu haɗe da DAC, daga kamfanoni irin su FiiO, Topping, Schiit da JDS Labs. Amfilifaya ita kaɗai ana iya jona ta a koren ramin baya idan ramin ba shi da hayaniya. Masu ɗaukar murya ko kiɗa sukan yi amfani da akwatin sauti na USB, kamar jerin Scarlett na Focusrite, saboda mashigar makirufo mai kyau da ƙarancin jinkiri. Har yanzu ana ƙera katunan sauti na ciki, amma suna zaune ne a cikin akwatin da hayaniyar take.

Wasu kwamfutoci sun gyara matsalar daga tushe. MacBook Pro na 2021 da waɗanda suka biyo baya suna auna turjiyar hedifon, suna ba da har bolt 1.25 ga wanda bai kai om 150 ba, da har bolt 3 ga mai om 150 zuwa 1,000.

Alamomin gazawa

Ana iya gane ko sautin allo ya wadatar ta hanyar sauraro a ɗaki mai shiru. Alamomin da ke nuna gazawa su ne: a kai maƙurar ƙara amma sautin bai isa ba, a ji tsatsa a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi, a ji huci ko ziza lokacin da ba a kunna komai ba, ko kaurin sauti ya bambanta sosai da yadda hedifon ɗin yake a wata na'ura. Kafin sayen wani abu akan gwada ɗaya ramin, a kashe ƙarin gyare-gyaren sauti da ke cikin Windows ko manhajar allon, a kuma duba ko manhajar tana da wurin zaɓar ƙarfin amfilifaya. Idan babu ɗaya daga cikin alamomin, sabuwar na'ura ba ta cika kawo bambancin da za a ji ba, kuma sauya hedifon ɗin kansa ya fi tasiri a kan sautin.

Lafiyar kunne

Desibel 110 da ake lissafi da shi na ƙololuwar ɗan lokaci ne, kuma sauraro a wannan mataki yana lalata ji cikin 'yan mintuna. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a 2019 ta sa iyakar sauraro ga manya a desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, ga yara kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Hukumar ta ƙiyasta cewa sama da matasa biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Hedifon mai kaifin amsawa yana iya zarce wannan iyaka ko a ramin allo na gama-gari, kuma amfilifaya mai ƙarfi tana ƙara sauƙin zarce ta.

Duba kuma

- Katin sauti
- Babban allon kwamfuta
- Lasifikar kunne
- Amfilifaya
- Desibel